Yadda ake haɗa kabad ɗin gilashi mai juyawa da ke ɓoye ƙofa a gidan tarihi

Kafintoci da masu walda, har da ma'aikatan gidajen tarihi, sun sha tambaya a kan kabad ɗin nan da ake gani manne da bango cike da kayan nuni, amma da ma'aikaci ya ja shi sai ya juya, hanya ta buɗe zuwa sito ko ofis ko ɗakin wayoyin lantarki. Dalilin yin sa a fili yake. Ƙofar sito a tsakiyar zaure tana cinye bangon da ya kamata a yi nuni a kai, tana kuma nuna wa kowa inda ajiya take. Sai dai kabad ɗin yana yin aiki biyu masu karo da juna: ƙofa motsi take so, kayan tarihi kuwa ba sa son ko girgiza. Duk inda biyun suka yi karo a matakan nan, kayan ne ke cin nasara.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe: kabad mai faɗin santimita 120, zurfin 35, tsayin 210, wanda ke buɗewa zuwa cikin zaure.

1. Duba ko ƙofar ta cancanta

Ba kowace ƙofa ake ɓoyewa ba. Wadda ma'aikata ke bi sau ashirin a wuni a bar ta ƙofa, domin kowace buɗewa jijjiga ce ga abin da ke kan kanta. Wadda ta dace ita ce wadda ake buɗewa jefi-jefi, kuma ma'aikaci kaɗai ke taɓa ta. A gidan tarihin Sir John Soane da ke Landan akwai bangon hotuna mai buɗewa tun 1824, kuma ma'aikata ne ke buɗe shi, baƙi sai kallo.

Gargaɗi: kada a ɓoye ƙofar fita ta gaggawa. Mutumin da hayaƙi ya rufe wa ido ba zai tsaya neman sakatar sirri ba.

Duba bangon kuma. Bulo mai rami da ginin ƙasa ba sa riƙe irin wannan nauyi da kansu. Idan ginin yana cikin waɗanda hukuma ta keɓe, irin Gidan Makama na Kano, ba a huda shi sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. A irin wannan wuri sai a yi firam ɗin ƙarfe mai tsayuwa da ƙafarsa a gaban bangon, a rataya kabad ɗin a jikinsa.

2. Zana juyawar a ƙasa kafin ka yanka komai

Nan aka fi yin asara. Ƙyaure siriri ne, shi ya sa yake shiga firam ɗinsa da ɗan gibi kaɗan. Kabad kuwa yana da zurfi, kuma kusurwarsa ta baya tana yin da'ira mai faɗi fiye da ta gaba. In ka yi shi daidai da ramin bango, zai shiga lafiya lau, amma ba zai taɓa buɗewa ba.

Kabad ɗin ba a kan hinji yake juyawa ba. A kan ƙarfe biyu yake juyawa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su ne za mu kira majuyi. A misalinmu, sa majuyin santimita 10 daga gefe, santimita 5 daga fuska. Daga majuyi zuwa ɗaya gefen saura 110, daga majuyi zuwa baya saura 30. Nisan majuyi da kusurwar baya mai nisa kuwa 114 ne. Wato a ɓangaren sakata kana buƙatar gibin santimita 4, ka ƙara rabin santimita don katako yana kumbura da damina. A ɓangaren majuyi gibin da ake buƙata kamar santimita ɗaya da rabi ne.

Sai lissafin da mutane ke mantawa: idan kabad ɗin ya buɗe tsaye, jikinsa yana tsaye a cikin hanyar. Cire 30 daga 114, hanyar da ta rage santimita 84 ce. Da kabad ɗin mai faɗin 100 ne, 65 kawai za ta rage, wadda ko akwatin kaya ba zai wuce da daɗi ba. Tambayi mai kula da sito girman abu mafi faɗi da ke bi ta nan, daga shi za ka fara awo.

Kada ka tsaya kan takarda. Yanki kwali mai kauri ko ragowar filawud daidai 120 da 35, ka ɗora a ƙasa a bakin ramin, ka buga ƙusa ɗaya a inda majuyi zai zauna, ka juya shi da hannu kana bin kusurwoyinsa da alli. Duk inda ya taɓa bango, kabad ɗin ma zai taɓa. In ana so ya buɗe zuwa cikin sito, majuyin ya koma kusa da baya, a sake gwadawa da kwalin. Ni na fi son mai buɗewa ciki in akwai fili, don ba ya buge baƙo, amma sito kan cika da kaya har bakin ƙofa, shi ya sa aka fi yin mai buɗewa waje.

3. Lissafa nauyi

Gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri. Gilashin gaba mai 110 da 150 da kaurin milimita 10 ya kai kilo 41. Kanta uku na gilashi mai milimita 8, kowace 110 da 25, kilo 17 a haɗe. Fayif ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50 da kaurin milimita 3, yana da kamar kilo 4.3 a mita, kuma firam ɗin ƙarfen da zai zama ƙashin kabad ɗin zai ci mita 17, wato kilo 73. Filawud mai milimita 18 na baya da gefuna da sama da ƙasa, kamar kilo 60. Sa kayan nuni da fitilu da makullai kilo 25. Jimla ta haura kilo 215. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don kariya, ka kusa 270.

Majuyin ƙasa ne ke ɗaukar wannan nauyi. Na sama kuma jan gefe yake sha: tsakiyar nauyin tana santimita 50 daga majuyi, tsayin kuma 210, don haka kabad ɗin yana jan majuyin sama da ƙarfin kusan kilo 50, dare da rana, ko an buɗe ko an rufe.

4. Zaɓi majuyi, sannan ka yi kasafi

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce sayen na kamfani. Akwai injin ƙofa da ake binnewa a ƙasa, irin na ƙofofin gilashi na bankuna. Duba lambar da kyau: na kamfanin dormakaba mai lamba BTS 75 V kilo 120 yake ɗauka, bai isa ba, BTS 80 shi ne mai ɗaukar har 300. Akwai kuma irin na kamfanin FritsJurgens na ƙasar Holan, wanda injinsa ke zama a cikin ƙofar kanta, sai ɗan faranti kawai a ƙasa. Amfanin waɗannan shi ne man da ke cikinsu yana rage gudu, kabad ɗin ba ya rufewa da ƙarfi, kuma ana iya saita su bayan an ɗora.

Ta biyu ita ce mai walda ya haɗa da sandar ƙarfe da boris. In haka ne, a sa boris mai ɗaukar nauyi daga sama, irin na ƙafar mota mai siffar mazurari. Boris na ƙwallo zalla gefe yake ɗauka, nauyin sama yana cinye shi. Wannan ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba shi da birki, sai ka ƙara masa abin rage gudu daban.

Gargaɗi: hinjin ƙofa na kasuwa, ko guda shida ka jera, zai saki.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka ga abin da za ka kai wa masu sayarwa su yi maka kuɗi: majuyi sama da ƙasa, fayif mai tsawon mita 6 guda uku, filawud falle biyu zuwa uku, gilashi, fitilun LED, makulli biyu, robar toshe gibi da buroshin ƙasa, fenti, noti da gam ɗin kafa su a kankare. Majuyin kamfani da gilashi su ne za su fi cin kuɗi. In aljihu ya matse, rage ado, rage yawan kanta, amma kada ka rage waɗannan biyun. Ka sa kuɗin dako da na mutum huɗu da za su ɗaga a cikin lissafi, don a nan ne kasafi kan ɓalle.

5. Shirya ƙasa da sama

Majuyin ƙasa a kan kankare yake zama, ba kan tayil ba. Cire tayil ɗin wurin, ka haƙa har ka sami daɓe mai ƙarfi. In ba shi, zuba sabo, ka bar shi ya kama sosai kafin a ɗora masa kaya. Kankare yana kai cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi a kwana 28. Majuyin sama ya shiga linta ta kankare ko ƙaƙƙarfan ƙarfen da aka gitta a saman ramin. Silin ba ya riƙe komai.

Kafa na sama tukuna. Daga tsakiyarsa saki filam, wato igiyar magina mai ɗan ƙarfe mai tsini a ƙarshe, inda bakinsa ya nuna a ƙasa nan ne tsakiyar na ƙasa. Rufe tagogi ka kashe fanka, ka jira igiyar ta tsaya cak. In majuyan biyu suka saɓa ko da milimita 3 ne, kabad ɗin zai riƙa buɗe kansa ko rufe kansa, kuma gibinsa zai yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa.

Bi da'irar da ka zana da ma'aunin ruwa, ka nemo inda ƙasar ta fi tudu. Daga wannan tudun za ka auna gibin ƙasa, milimita 10 zuwa 12.

6. Haɗa firam ɗin ƙarfe

Katako kaɗai ba zai yi ba. Da hunturu zai tsuke, da damina ya kumbura, nauyi kuma yana jan sa gefe ɗaya, shekara ɗaya ta isa ya sunkuya. Ƙarfe ne ƙashin kabad ɗin, katako riga ce kawai.

A haɗa firam ɗin a kan shimfiɗaɗɗen wuri. A ɗiɗɗiga walda tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, sai awon ya zo ɗaya sannan a cika. Zafin walda yana jan ƙarfe, don haka a riƙa sauya ɓangare. Inda majuyi zai zauna a ƙara faranti mai kaurin milimita 8 ko 10. A baya kuma a sa sanda a karkace, daga kusurwar sama ta ɓangaren majuyi zuwa kusurwar ƙasa ta ɓangaren sakata. In ka samu irin sandar da ke da noti a tsakiya mai ɗaurewa, ya fi, don ranar da kabad ya ɗan sauka, juyi biyu na sifana ya mai da shi.

Rataya firam ɗin tsirara ka gwada juyawarsa kafin a sa masa ko ƙyallen katako. Gyara a wannan lokaci na minti goma ne.

7. Sa katako, ka kula da abin da ke shiga ciki

Wannan matakin ne ya raba kabad ɗin gidan tarihi da na shago. Rufaffen kabad yana tara duk tururin da kayan haɗinsa ke fitarwa. Filawud da allon garin katako suna fitar da iskar gam ɗinsu, wasu itatuwa suna fitar da tsami, kuma wannan yana cin dalma har ta yi fari ta zama gari, yana sa jan ƙarfe da tagulla su yi tsanwa. Ulu da wasu robobi suna fitar da farar wuta, ita ce ke baƙanta azurfa. Gam ɗin gilashi mai warin tsami shi ma haka, nemi marar warin.

Manyan gidajen tarihi suna gwada kowane abu da gwajin da Andrew Oddy ya fito da shi a gidan tarihin British Museum na Landan a 1973: ana rufe ɗan yanki na abin a kwalba tare da azurfa da jan ƙarfe da dalma da ɗan ruwa, a zafin digiri 60 na kwana 28, a ga ko ƙarafan sun sauya. In ba ka da inda za a yi maka wannan, bi hanya mai sauƙi. Duk fuskar katakon da ke kallon ciki a rufe ta da takardar alminiyom, a liƙe gefunanta, sannan a shimfiɗa zanen auduga da aka wanke a kai. Ƙarfe a yi masa fentin da ake gasawa da zafi. Bayan fenti a bar kabad ɗin a buɗe mako huɗu yana shan iska kafin a sa masa komai. Masu aiki kan ƙi wannan jiran saboda ranar buɗe zaure ta matso, ka sa shi cikin jadawali tun farko.

Katakon ya zama busasshe, a duba shi kada a shigo da gara ko ƙwaro cikin ginin.

8. Gilashi da fitila

Sayi gilashi mai falle biyu da roba a tsakiya. In ya fashe yana tsayawa a manne, ba ya zubowa kan kaya, kuma yana tare mafi yawan hasken rana mai cin launi. Ya zauna a kan roba, kada ya taɓa ƙarfe kai tsaye. Kowace kanta a ɗaure ta da maƙali sama da ƙasa. Kantar da aka ɗora kawai a kan ƙusoshi huɗu, kamar ta kabad ɗin ɗaki, za ta riƙa matsawa da kowace buɗewa.

Gilashin ya sami makullinsa daban da sakatar ƙofar. Mai bi ta hanyar bai kamata ya iya kai hannu ga kayan ba.

Fitila LED ce, mai ƙarfin bolt 12 ko 24, na'urar rage wutarta kuma a ajiye ta a wajen kabad saboda zafi. Wayar ta bi ta kusa da majuyin sama, a bar mata ɗan lanƙwasa. In ka ja ta ta ɓangaren sakata, za ta tsinke. Ma'aunin hasken da aka saba bi shi ne lux 50 ga tufafi da takarda da rinanniyar fata, 200 ga katako da ƙashi.

9. Ɓoye gibi, sa sakata

Ka tuna gibin santimita huɗu da rabi? Katakon ado ne zai rufe shi. A ɓangaren sakata, katakon yana manne da kabad, yana hawa kan bango. A ɓangaren majuyi kuwa akasin haka ne: yana manne da bango, yana hawa kan kabad, domin wannan gefen baya yake komawa idan an buɗe. Kada ya hau fiye da santimita 3, don kada fuskar kabad ta buge shi idan ta miƙe. Wanda ya juya wannan tsari zai ji ƙarar tsagewar katako tun buɗewar farko.

Abubuwan da ke tona asirin ƙofar ƙanana ne: hasken sito da ke leƙowa ta ƙasa, iskar da ke busowa ta gibi, dattin hannu a wuri ɗaya, da zanen da'ira a kan tayil. Buroshi a ƙasa da roba a gefuna suna maganin haske da iska da ƙurar hunturu. A shafa baƙin fenti a cikin gibin. Taya a ƙarƙashi ita ke zana ƙasa, kuma kowane haɗin tayil da ta taka sai kaya sun ji, don haka kada a sa ta. Dabarar da ta fi duka ita ce a yi wasu kabad biyu marasa motsi, hagu da dama, masu kama ɗaya da shi har gibinsu. Ido ba ya zargin abin da yake da 'yan'uwa.

Sakata ta ƙarfe mai makulli, a ɓoye a ƙasan katakon ado, ta fi ta lantarki. Makullin maganaɗisu yana sakin ƙofa da an ɗauke wuta, sito ya kwana a buɗe.

Gargaɗi: dole a iya buɗe ƙofar daga ciki da hannu ɗaya, ba makulli. Kilo 200 ne ke tsakanin wanda ke sito da waje, kuma ba lalle a ji kiransa ba.

Sa roba mai tsayar da kabad idan ya buɗe tsaye, da wata mai taushi inda yake rufewa.

10. Gwaji

Kafin a sa gilashi, ɗora buhunan yashi na kilo 100 a ciki, ka fi tara su ɓangaren sakata. Buɗe kabad ɗin rabi, ka auna gibin ƙasa a kusurwa mai nisa, ka rubuta. Bar shi mako guda kana buɗewa kana rufewa. In ya sauka fiye da milimita 2, ɗaure sandar baya, ka duba notin majuyin sama.

Bayan an sa gilashi, cika kofi da ruwa har kusa da baki, ka ɗora a kan kantar sama ta ɓangaren sakata, inda motsi ya fi yawa. Buɗe ka rufe kamar yadda ma'aikaci mai sauri zai yi. In ruwan ya zuba, rage gudun majuyi ka sake. Sai ruwan ya yi ɗan rawa kawai sannan a yi maganar kaya.

11. Jera kaya

Mai kula da kayan tarihi ne ke da magana ta ƙarshe a nan, ba kafinta ba. Abin da ya dace shi ne mai ƙwari: tsabar kuɗi, kayan ƙira, duwatsu, hotunan da aka sake bugawa, ko kwafin abin da asalinsa ke sito. Tukunyar da aka liƙa, tsohon rubutun hannu mai tawada tana ɓarewa, rigar da zarenta ya ruɓe, ƙwai da ƙwaryar da ta tsage, duk a kai su kabad marar motsi.

Kowane abu a ɗaure shi. Takobi da mashi a kan maƙalai masu roba a jikin allon baya, ƙananan abubuwa a cikin gurbin da aka yanka daidai su, masu tsayi da zaren roba marar launi. Masu nauyi su sauka ƙasa, kusa da majuyi. In akwai ƙarfe mai tsatsa da damina, sa ƙwayoyin silika masu shan laima a aljihun ƙasa, da ɗan ma'aunin laima a kusurwa. Ɗauki hoton kowace kanta ranar da aka jera, don a riƙa gane abin da ya matsa.

12. Kula bayan an gama

Sau biyu a shekara, da shigowar damina da kamawar hunturu, a auna gibin ƙasa a kwatanta da awon farko, a ɗaure noti, a sa giris a boris, a share buroshi, a gwada hannun buɗewa na ciki. A rubuta sunayen waɗanda ke riƙe da makulli, a nuna musu inda ake sa hannu a ja, kuma mutum ɗaya ya tsaya a zaure duk lokacin da za a buɗe. Zanen kabad ɗin da lambar majuyinsa da nauyin da aka lissafa a liƙa su a bayansa, ta ɓangaren sito, inda mai gyara na gaba zai gan su.